Tambarin gidan abinci ba taswirar Afirka ba ne

Wani abokina zai buɗe gidan abincin Afirka ta Yamma, da rana a ci, da dare makaɗa su hau dandali. Ya turo mini tambarin da aka zana masa: taswirar Afirka, rana tana faɗuwa bayan wata bishiya, ganga a gefe. Na ce ya mayar wa mai zanen. Wannan hoton na masu yawon buɗe ido ne a dajin Serengeti, can Tanzaniya. Ba ƙamshin daddawa a jikinsa, ba amon kalangu.

Abin da ke ɓata mini rai, yankin nan ba ya talaucin zane. Ga shuɗin baba na marinar Ƙofar Mata a Kano, ga adire, rinannen yadin Yarbawa na Abeokuta, ga bogolan na Mali da ake rinawa da laka, ga dagi da zanen da magina ke yi a fuskar soro. A ɗauki ɗaya, a san asalinsa, a zauna a kansa. Wanda ya haɗa su duka a allo guda, kowa ya gani zai san bai san ko ɗaya ba.

Kuma a yi hattara. Alamomin adinkra na Ghana magana ce, ba ado kawai ba. Ɗaya daga cikinsu, Gye Nyame, zancen Ubangiji take yi, ba ta dace da takardar goge hannu ba. Haka ajami. Yana da kyau ƙwarai a saman ƙofa, amma a kan ledar abinci da za ta ƙare a bola? Jama'a ba za su yafe ba.

Sai batun kiɗa, wanda masu zane suka fi mantawa. Tambari ɗaya ne zai zauna a kan faranti da rana, ya haskaka a bayan mai goge da dare, ya kuma ƙanƙance a hoton WhatsApp. Shi ya sa nake son launi biyu kawai da rubutu mai kauri irin na masu fentin allon shago da bayan manyan motoci. Mai zane Lemi Ghariokwu ya yi wa mawaƙi Fela Kuti bangon faifai har 26, tun kafin ka kunna ka ji zafin waƙar.

Abokin nawa ya ajiye taswirar. Ya zaɓi shuɗi da fari, yanzu yana cigiyar mai fenti da zai rubuta sunan gidan da hannu.