Wa ke jiran furojet ɗin ɗalibanmu na kwamfuta?

Bara ɗan ƙanwata ya shigo mini gida da kwamfutarsa a jaka, fuskarsa cike da fara'a, ya ce ya gama difens, wato kare furojet ɗinsa a gaban kwamitin jarrabawa, kuma ya samu maki mai kyau. Kimiyyar kwamfuta ya karanta, aikin da ya rufe digirinsa da shi kuwa manhaja ce ta ajiye bayanan marasa lafiya a ƙaramin asibiti. Na yi masa murna har cikin raina, don na san daren da ya raba a kanta. Sai na tambaye shi wane asibiti ne zai yi amfani da ita.

"Kawu, ai ba wani asibiti ba ne takamaimai," in ji shi. "Misali ne kawai."

Na ce to bari in zama ma'aikacin kati na minti biyar. Na buɗe shafin rajista, na rubuta sunan farko da ya zo mini a baki, Sa'adatu, na danna ajiye. Manhajar ta tsaya cik, ta cika fuskar kwamfuta da saƙon kuskure. Ya gwada da Musa, ta karɓa. Ya gwada da Mu'azu, ta sake tsayawa. 'Yar alamar nan da ke tsakiyar sunan ita ce ta kayar da aikin wata shida. A harshen SQL da ake magana da rumbun bayanai, wannan alama ce ke nuna inda rubutu ya fara da inda ya ƙare, saboda haka idan mai rubuta manhaja ya liƙa abin da mutum ya shigar kai tsaye cikin umarni, sunan Sa'adatu zai rabe gida biyu, kwamfuta ta rasa gane sauran. Ta wannan kafa ɗin ce ma masu kutse suke shiga su kwashe bayanai. Gyaran bai kai aikin awa guda ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, manhaja ta bi ta hannun ɗalibi da sufabaiza da kwamitin jarrabawa, a jiharmu ta Katsina da ke da Mai'adua da Yar'adua da Sa'adatu a kowace unguwa, ba a samu wanda ya shigar mata da irin wannan suna ba.

Ban ga laifin yaron ba. Ya yi abin da tsarin ya nema a wajensa: babi na ɗaya zuwa na biyar, zanen yadda bayanai ke gudana, hotunan shafukan manhaja a babi na huɗu, bango mai kauri da rubutun zinare. Abin da tsarin bai taɓa nema ba shi ne mutum ɗaya a wajen makaranta wanda ke jiran aikin. Ra'ayina a nan shi ne, kada sashen kwamfuta ko na fasahar sadarwa ya sake amincewa da taken furojet na gina manhaja sai ɗalibi ya kawo mai shi: wani mai shago, ko shugabar makaranta, ko ma'aikacin lafiya da ya ce yana da wannan matsala kuma zai gwada abin da aka gina.

Katsina ba ta rasa makarantu ba. Jami'ar Al-Qalam ta samu lasisi a 2005, jami'ar jiha da yanzu ke ɗauke da sunan Umaru Musa Yar'adua aka kafa ta a 2006, ta tarayya da ke Dutsin-Ma ta zo a 2011. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman Katsina, ga ta tarayya a Daura. Duk shekara matasa na fita daga waɗannan wurare da ilimin gina manhaja, kowannensu ya ba da watanni ga aiki ɗaya. Idan aka haɗa waɗannan watanni, aikin ƙwararru ne mai yawan gaske da jihar ke samu ba tare da ta biya ko kwabo ba. A ɗaya gefen kuma, mai kyamis na unguwarmu har yau sai ya bi kwalaye ɗaya bayan ɗaya kafin ya san maganin da wa'adinsa ya kusa ƙarewa. Uwar adashi tana riƙe lissafin mata talatin a littafin rubutu da ƙwaƙwalwarta. Dillalin da ke cin kasuwar dabbobi ta Mai'adua, a bakin iyakar Nijar, yana ciniki da naira da sefa, yana bin bashi a ɓangarori biyu na iyaka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa taken digiri, kuma ya fi wuya nesa ba kusa ba a kan manhajar ajiye ɗakin otal da ake ta maimaitawa.

Na ce ya fi wuya, kuma a nan ne ilimin yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗalibin da ya zauna da uwar adashi zai gano cikin mako guda cewa ba ta da babbar waya, ko tana da ita amma ba ta karanta Turanci, ko tana karanta ajami fiye da boko. Dole ya yi tunanin saƙon tes, ko irin lambobin nan da muke dannawa mu tura kuɗi a banki ba tare da intanet ba, ko saƙon murya da Hausa. Zai gano cewa mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, Mamman a bakin maƙwabta, kuma akwatin bincike da bai san haka ba zai buɗe wa mutum ɗaya kati uku. Zai ci karo da ƙ da ɗ da ɓ, ya koyi dalilin da ya sa suke rikiɗewa su zama alamar tambaya idan ba a saita rumbun bayanai yadda ya dace ba. Zai kuma tuna abin da duk Bakatsine ya sani: a watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, mutane suka yi watanni suna tafiya mai nisa don su buga waya. Manhajar da za ta rayu a Safana ko Batsari dole ta iya aiki ba intanet, ta ajiye bayanai a cikin waya, ta aika su ranar da sabis ya dawo. Warware abin da zai faru idan mutum biyu suka gyara bayani ɗaya kafin sabis ya dawo tambaya ce ta kimiyyar kwamfuta ta gaske, irin wadda ake yi wa mai neman aiki a manyan kamfanoni.

Akwai kuma dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Sayen furojet daɗaɗɗen ciwo ne, kowa ya san akwai shafukan intanet da ke sayar da babi biyar a haɗe, a canza sunan makaranta kawai. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 kuwa, ko kuɗin ma ba a buƙata, na'ura za ta rubuta gabatarwa da bitar ayyukan magabata har da wani ɓangare na manhajar. Kundi mai bango ya daina zama shaidar cewa ɗalibi ya iya wani abu. Abin da ya rage wanda ba a saya, ba a kuma kwafa, shi ne ɗalibi ya tsaya gaban kwamiti, mai kyamis na zaune a gefe ya ce makonni huɗu ke nan yana amfani da abin, ga inda ya taimake shi, ga inda ya ba shi haushi. Sannan wani malami ya ce wa ɗalibin ya ƙara wani fili a shafin rajista yanzu, a gabansu. Gani ya kori ji.

Na san abin da malaman jami'a za su ce, kuma yawancinsa gaskiya ne. Malami ɗaya yana duba ɗalibai masu yawa, ga darasi, ga makin jarrabawa, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata takwas, kalandar karatu ta matse, zangon da ya kamata a yi furojet a natse ya koma gudu. Ɗalibai da dama ba su da kwamfutar kansu, wuta ba ta tsayawa, data ta yi tsada. Ina za a samu lokacin bin ɗalibi kasuwa?

Ba sai malami ya je kasuwa ba. Kusan duk ɗalibin kwamfuta yana fita horon sanin makamar aiki, wato siwes, kafin ajin ƙarshe, ya yi watanni a wani ofis ko kamfani ko asibiti. Can ne ya kamata ya dawo da matsalarsa a rubuce, da sa hannun wanda zai karɓi aikin. A kuma bar ɗalibai uku ko huɗu su haɗu a kan aiki ɗaya mai nauyi, kowa da ɓangarensa, a jarraba kowa a kan nasa. Hakan zai rage wa malami yawan taken da yake bi, ya kuma rufa wa wanda ba shi da kwamfuta asiri. Idan aka ajiye aikin a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, tarihin wanda ya rubuta kowane layi da ranar da ya rubuta yana nan, ɗan rakiya ba zai ɓuya ba. Dokar ma ba ta hana ba: sabuwar manhajar karatu da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta gwargwadon bukatun yankinta.

Ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi shi ne na amana. Bayanin mara lafiya ko bashin ɗan kasuwa ba abin wasan ɗalibi ba ne, kuma tun watan Yuni na 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a. Idan aka saki yara su kwashi sunaye da lambobin waya a filashi, an yi ɓarna da sunan gyara. Saboda haka dole sashe ya sa ƙa'ida: a nemi izini a rubuce, a ɗauki abin da ake bukata kawai, a yi gwajin farko da bayanan da aka cire wa sunaye, kada a buga bayanin kowa a cikin kundi. Ɗalibin da ya bi wannan hanya sau ɗaya ya koyi abin da zai yi masa amfani a banki ko asibiti ko ma'aikatar gwamnati.

Wasu kuma za su ce jami'a ba shagon gyara ba ce, akwai ɗalibin da hankalinsa ke kan nazari zalla. Na yarda, a bar masa hanyarsa. Wanda zai gwada yadda na'ura ke gane muryar Bahaushe, ko ke karanta rubutun ajami na tsofaffin littattafan da ke gidajen malamai a Katsina, ba ya bukatar mai shago. Amma shi ma akwai mai jiransa, wato ɗalibin baɗi. Babbar asarar da muke yi ita ce kowane aji yana farawa daga tushe. Wanda ya tattara muryoyi ko hotunan shafuka bana ya tafi da su a kwamfutarsa, na baɗi ya sake tattarawa. Sashe ya buɗe rumbu ɗaya, ya wajabta ajiye manhaja da bayanin yadda ake kunna ta kafin a sa hannu a takardar sallama, ya kuma ba da cikakken maki ga wanda ya ɗauki aikin wani ya gyara shi ya ƙara masa. A wajen aiki, yawancin masu rubuta manhaja abin da suke yi ke nan kullum.

Shi ɗan ƙanwata ya gyara matsalar sunan a daren nan. Bayan kwana biyu na haɗa shi da wata ma'aikaciyar jinya da ke riƙe da ƙaramin asibitin haihuwa. Ta duba manhajar a tsanake, ta ce masa, "Ɗana, ka yi ƙoƙari, amma yawancin matan da ke zuwa nan ba su san ranar haihuwarsu ba, kai kuma ka hana a wuce wannan fili sai an cike shi." Ta ƙara da cewa mata da yawa lambar wayar miji suke bayarwa, kishiyoyi biyu na iya zuwa da lamba ɗaya, shi kuwa ya sa lambar waya ta zama shaidar kowane mutum. Ya ciro biro ya fara rubutawa. Tambayoyin da ta yi masa a rabin awa sun cika shafi biyu, kuma a lokacin kundinsa ya riga ya yi wata guda a kan kanta a ofishin sashe.