Esin ofis yana sanyaya iska amma ba ya sabunta ta

A watan Maris na 2020 aka yi wa ma'aikatan wani dogon bene a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, gwajin korona. A hawa na 11, inda mutum 216 ke zaune kafaɗa da kafaɗa suna amsa waya wuni guda, 94 ne aka samu sun kamu, alhali a sauran hawa-hawan 'yan ƙalilan ne. Jama'a da yawa, ɗaki ɗaya, magana ba tsayawa. Haka tarin fuka da ƙyanda da mura ke tafiya: cikin numfashin da ya taru bai sami mafita ba. Ƙwayar ƙyanda ma tana iya yin awa 2 a iskar ɗaki bayan mai cutar ya tashi.

A ganina babban kuskuren ofisoshinmu shi ne ɗaukar sanyi a matsayin tsabta. Esin da ya cika Kano da Abuja da Yamai, mai kashi biyu ɗin nan, ɗaya a bango ɗaya a waje, ba ya shigo da iskar waje ko kaɗan. Bututun da ya haɗa su gas ɗin sanyi kawai yake ɗauka. Iskar ɗakin yake zuƙa ya sanyaya ya mayar, ragar da ke bakinsa kuwa ƙura take tarewa, ba ƙwayar cuta ba. Sai a ƙara da rufe taga ruf saboda tsadar dizal, kowa ya wuni yana shaƙar abin da maƙwabcinsa ya fitar.

Akwai ma'auni. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren aiki kowane mutum yana buƙatar aƙalla lita 10 ta sabuwar iska a duk daƙiƙa. A 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da shawarar a musanya iskar ɗaki sau 5 a awa. Ɗauki ofis mai tsawon mita 6, faɗi 5, tsayi 3: cikinsa kubik mita 90 ke nan. In mutum 8 ne a ciki, suna buƙatar lita 80 a daƙiƙa, wato kubik mita 288 a awa. In kuma sau 5 ɗin ake nema, 450. Da wannan lissafin ake zuwa kasuwa. Fankar zuƙe iska da ake kafawa a bango an rubuta ƙarfinta a jikin kwali, a duba kafin a biya.

Amma fanka ba ta fitar da iska sai wata ta shigo. Inda aka kafa ta aka bar ƙofa da tagogi a toshe, ƙara kawai za ta yi. A bar taga ɗaya a buɗe kamar faɗin tafin hannu a bangon da ke fuskantarta, esi na aiki. Sanyi zai ɗan ragu, kuɗin wuta zai ɗan hau, na yarda. Bai kai asarar ma'aikata uku a kwance mako guda ba. Abu ɗaya da ba a wasa da shi: kada tagar ta kasance ɓangaren janareta, domin hayaƙinsa kisa yake yi. Fankar sama juya iska kawai take yi. Ta tsaye kuwa a juya fuskarta waje ta taga, kada ta riƙa kwaso numfashin wani tana watsa wa na gaba.

A manyan gine-gine masu esi na tsakiya, gyaran yana wurin saiti. A mayar da fankar daga "Auto" zuwa "On", domin a "Auto" tana tsayawa da zarar sanyi ya kai, iska ma ta tsaya. A sa injiniya ya duba marfin shigar iskar waje, wanda sau da yawa ake rufewa don tattalin wuta a manta da shi. A kunna na'urar awa 2 kafin a zo aiki. Matacin iska mai lambar MERV 13, wanda ke tare ƙananan ƙwayoyi, yana da kyau, sai dai yana danne iska. In fankar ba ta da ƙarfinsa, an rage abin da ake son ƙarawa.

Lokacin hunturu, ƙura ke sa a rufe ko'ina. Nan ne na'urar tace iska mai HEPA, wato matacin da ke kama ƙura da ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi, ke da amfani, muddin lambar CADR ɗinta, wato yawan tatacciyar iskar da take fitarwa, ta dace da girman ɗaki, kuma ana canza matacin.

Don a san gaskiyar ɗaki, a sayi ƙaramar na'urar auna CO2, iskar da muke fitarwa. A waje tana nuna kusan 420. Ƙasa da 800 ɗaki na numfashi. In ta zauna sama da 1,500, a buɗe taga ko a rage mutane. A ajiye ta daidai tsayin kan mai zaune, nesa da taga da bakin mutane, a karanta bayan an yi awa guda ana taro.