Mota mai ƙafa uku

Ƴar ƙaramar motar nan tawa mai silinda 4 haka kawai ta tsiro da sabon hali, in na tsaya a danja sai ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓi, sitiyari na rawa madubi na rawa, in na taka totur kuma ta dinga fizga tana tari ta salansa, mai kuwa shan shi take ba tausayi. Nan fa kowa ya zama makanike. Maƙocina ya rantse ruwa ne a cikin mai, ƙanina da ko keke bai iya gyarawa ba ya ce injin ne ya buga, uwargida kuwa cewa ta yi dama ai ta faɗa.

Da wutar check engine ta fara ƙiftawa na lallaɓa gareji. Makanike ya ce in wutar nan na ƙiftawa ba wasa, man da bai ƙone ba ne ke gangarawa salansa kuma zai iya cinye katalis, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansar. Ya jona kwamfuta ta nuna P0302, wai silinda ta biyu ce ba ta kama wuta. "Oga ai da ƙafa uku kake yawo."

Ni dai na zaci zai ce a sauke inji, har na fara lissafin abin da zan sayar a gida. Sai kawai ya musanya koyil (abin da ke ba fulogi wuta) na silinda ta biyu da na ta uku ya goge lambar ya tada mota, ya ce in koyil ne matsalar za ta bi shi ta koma P0303, wato silinda ta uku. Ba ta koma ba. Ya kwance fulogi, wallahi baƙi ƙirin, bakin ya cinye, gibin ya buɗe har tartsatsin ya gaji da tsallakawa. Ya ɗaga shi sama yana kiran yaransa su zo su ga tarihi.

"Oga yaushe rabon da a canza wannan?"

Na ce sai dai a tambayi mai motar na farko. Ya ce fulogi na gama-gari wajen kilomita 30,000 yake yi, mai iridiyum ne ke kai 100,000, nawa kuwa ritaya ya daɗe da yi ba a sallame shi ba.

Aka canza duka huɗun, inji ya yi lif har na ɗauka a kashe take na sake murɗa makulli, ji kake ƙiiiii! Yara suka kwashe da dariya, ogansu ya leƙo ta taga ya ce "a hankali oga, kik ma muna gyarawa."