Fanshon Da Kasuwa Ta Wuce Ta Bari

Ranar da na raka kawuna wajen tantance 'yan fansho, mun bar gida ana idar da sallar asuba, amma muka tarar layi ya riga ya kai bakin titi. Dattawa ne zaune a kan dakali da gindin darbejiya, kowa rungume da tsohon fayil a cikin leda, mai ɗauke da takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma da ta ajiye aiki. Kawu ya shafe shekara 35 yana koyarwa a firamare, amma abin da ke shiga asusunsa a wata ba ya sayen buhun shinkafa, balle maganin hawan jinin da likita ya ce kada ya kuskura ya yi fashinsa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Sashe na 173 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan tarayya duk bayan shekara biyar, ko kuma duk lokacin da aka taɓa albashi, sashe na 210 kuma ya ɗora wa jihohi wannan nauyin. An cire tallafin man fetur a 2023, an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, amma tsoffin ma'aikata da yawa a jihohi da ƙananan hukumomi suna nan a kan lissafin da aka yi musu tun kwanon masara yana arha.

Ba na cikin masu zagin tsarin fansho na karo-karo da gwamnatin Obasanjo ta kawo a 2004, wanda gyaran 2014 ya mayar da shi kashi 8 cikin ɗari na albashi daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai ba da aiki. Duk wanda ya tuna shari'ar Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, da ɗaurin shekara takwas da aka yanke masa a 2021, ya san irin ɓarnar tsohon tsari. Sai dai asusu mai ɗauke da sunanka ba ya amfani idan an cire kuɗin daga albashinka ba a zuba ba. Kuma ya kamata hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ta tambayi kanta dalilin da ya sa aka fitar da sojoji daga tsarin karo-karo, 'yan sandan da suka yi ritaya kuma suke zanga-zangar a fitar da su.

Majalisar Zamfara ta soke dokar fanshon tsoffin gwamnoni a 2019 ba tare da ɓata lokaci ba, wato idan an so ana iyawa. Da irin wannan azamar nake roƙon majalisun jihohinmu su wajabta ware kuɗin fansho da garatuti tun daga kason wata, kafin a biya ɗan kwangila ko ɗaya, su kuma riƙa buga sunayen waɗanda ke jiran biya bisa shekarar da kowa ya ajiye aiki.