Kafin a shafa fenti, a gaya mana wa zai sayi tsintsiya

Tun ranar 1 ga Oktoban 2025 da aka sake buɗe babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu a Legas nake ganin 'yan uwa suna yaɗa hotunansa, kowa da tambaya ɗaya: mu a Arewa ina namu? Gini dai ya yi kyau, ba musu. An kammala shi a 1976 domin FESTAC, bikin fasaha da al'adun baƙar fata na duniya na 1977, ya yi shekara da shekaru yana lalacewa har aka riƙa maganar a sayar da shi. A 2020 gwamnati ta danƙa shi a hannun kwamitin shugabannin bankuna ƙarƙashin Babban Banki, suka kashe masa naira biliyan 68, aka kuma sa masa sunan Wole Soyinka. Ni abin da na riƙe daga bikin shi ne umarnin da shugaban ƙasa ya bayar cewa a kafa asusu na musamman don kula da wurin. Ashe ko mai biliyan 68 ya san in ba a tanadi kuɗin gobe ba, gidan jiya za a koma.

To, ni ban goyi bayan a gina mana irin na Iganmu ba. Abin da muke buƙata ƙanana ne, na unguwa da na gari, inda yaro zai je da ƙafa bayan la'asar ya koyi zayyanar allo ko ɗinkin hula, 'yan wasan daɓe su sami inda za su yi gwaji, mawaƙan baka da marubuta su sami inda za su karanta abin da suka rubuta. Kuma yawancin irin waɗannan wurare muna da su, kulle suke kawai.

A garinmu akwai ɗaya, ba zan kama suna ba. An gyara shi ina gani. An kwashe tsohon kwano an sa sabo, an shafa fenti kore da fari, an jera kujerun roba, an yanka ƙyalle, maroƙa sun yi kirari, kowa ya watse. Damina ɗaya aka yi iska ta ɗage kwano biyu ta gefen gabas. Aikin da kafinta zai gama kafin azahar ne, amma babu wanda ke da hurumin fitar da kuɗin ƙusa, sai an rubuta takarda ta hau ta sauko. Kafin ta sauko silin ya jiƙe ya rufto, jemagu sun tare. Masu wuta suka zo suka yanke waya saboda bashi. Makulli yana aljihun maigadi, shi ma bawan Allah yana bin albashi, don haka wanda ya ba shi na goro shi yake buɗe wa, galibi masu kamu da masu walima. Samarin da aka ce don su aka gyara wurin kuwa suna can suna gwajin wasansu a ajin firamare, in hedimasta ya ga dama.

Kada a ce halin mutanenmu ne. Tsarin ne haka. Kwangilar gyara tana da riba, tana da hoto, tana da allon da za a rubuta sunan mai girma. Sayen tsintsiya da ƙwan fitila da biyan mai shara babu ko ɗaya a ciki.

Mu ɗauki Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, don shi kowa ya sani. Nan Hanns Vischer ya zauna, Baturen da Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne makarantar tana da sashen sana'o'in hannu, ana koyar da dukanci da ƙira da sassaƙa. Wato tun asali unguwar wurin koyon aikin hannu ce. Yau gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Ga kuma Gidan Makama a cikin birni, wanda tarihinsa ke komawa zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Duka biyun ginin ƙasa ne, kuma ginin ƙasa shi ya fi kowane gini tona asirin wannan ɗabi'a tamu ta gyara sau ɗaya a manta.

Duk wanda ya tashi a gidan soro ya san dokarsa. Kafin ruwa ya sauka ana hawa sama a share, a toshe tsaga, a duba indararo ko ya toshe, a duba azara ko gara ta shiga. Bango kuma a bi shi da yaɓe. Magina na da suna da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, suna da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara, shi ke hana ruwa ratsa rufi. Aiki ne mai arha, amma na kowace shekara. Shi kuwa ɗan kwangila ba ya son aikin kowace shekara, yana son ya gama ya karɓi cak. Sai ya kawo siminti ya lafta a kan tubali. Wata shida bango yana sheƙi. Daga nan simintin ya tsage, ruwan Agusta ya bi tsagar ya shige, ya rasa hanyar fita saboda simintin ya hana ƙasar shan iska, ciki ya riƙa narkewa waje yana nan fes. Rana ɗaya sai a ji rugum. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa, kuma mun yi wa gine-ginen tarihi da yawa shi da sunan zamani. A Djenne ta ƙasar Mali, babban masallacinsu na ƙasa yana tsaye ne saboda duk shekara gari ke fitowa, yara da manya, a kwaɓa ƙasa a yaɓe shi. Mu ma aikin gayya ba baƙonmu ba ne. Mun dai sallama wa gwamnati ne.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ta sa na yi wannan dogon rubutu.

Shawarata ita ce duk attajiri ko ɗan siyasa ko banki da ya ce zai gyara gidan al'adu, a roƙe shi ya raba kuɗin biyu. Kashi ɗaya a yi gyara daidai wa daida, ba sai an sa tayil mai walƙiya ba. Ɗaya kashin a gina shaguna a jikin katangar waje, ko a sayi gidan haya, a yi wakafinsu ga wurin. Hayar ita za ta biya maigadi da mai shara da malamin da ke koyarwa, ta sayi batirin sola, ta biya magina kafin damina. Ba sabon abu na ƙirƙiro ba. Haka masallatai da makarantun Islamiyya da yawa suke riƙe kansu, kuma Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato ma tana da hukumar zakka da wakafi, don haka akwai waɗanda suka san yadda ake rubuta takardar da magada ba za su zo daga baya su ce shagon babansu ne ba. Shagunan kuma a fara ba masu sana'ar da ta dace da wurin: dukawa, masu ɗinkin hula, masu sayar da littattafai, marina. Wanda ya zo kallo ya fita da jaka ko hula, mai shago ya samu, haya ta fito.

Bayar da zauren haya ga masu biki ba laifi ba ne, kuɗi ne mai kyau. Sharaɗin kawai a ware ranaku. In Juma'a zuwa Lahadi na amare ne, Litinin zuwa Alhamis na yara da masu fasaha ne, ko nawa aka zo da shi. In ba a rubuta wannan ba, wallahi cikin shekara wurin ya zama gidan biki zalla, domin amarya ta fi marubuci kuɗi.

Na san wani zai ce, Malam, ka manta inda kake? Wa zai yi wakafi don kiɗa da rawa? Ban manta ba. Na tuna 2016, lokacin da gwamnatin tarayya ta ce za ta gina ƙauyen shirya fina-finai na kusan naira biliyan 3 a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji. Malamai suka hau mumbari, aka yi ta ce-ce-ku-ce a Facebook, aka janye aikin. Kowa da fassarar da ya yi wa abin. Tawa ita ce an yanke shawara a Abuja, mutanen gari suka ji a rediyo, kuma abin da mutum ya fara ji a rediyo ba ya jin nasa ne. Da an zauna da liman da mai unguwa da iyayen yara tun kafin a zana taswira, aka ce ga abin da za a yi a ciki, ga abin da ba za a yi ba, ga lokacin tashi, ga ranar mata, da gardamar ta zo da sauƙi. Mai zayyanar allon sauka mai fasaha ne. Mai rera waƙen wa'azi na ajami mai fasaha ne. Kakar da ke yi wa yara tatsuniya ita ma haka. In limamin unguwa ya ga ɗansa na koyon rubutu mai kyau a wurin, da wuya ya hau mumbari a kansa.

Saura batun riƙo. Kwamitin amintattu ya zama na mutanen da ke kwana a unguwar: wakilin mai unguwa, wakilin masu sana'a, mace aƙalla ɗaya mai bakin magana, matashi daga cikin masu amfani da wurin, da wakilin sarkin magina in ginin na ƙasa ne. Gwamnati ta riƙe takardar fili, ta turo mai binciken kuɗi, amma kada ta naɗa shugaba, domin wanda aka naɗa da siyasa yana tafiya da siyasa. Kuɗin da ya shigo da wanda ya fita a rubuta a liƙa a bakin ƙofa duk wata, yadda kwamitocin masallaci ke yi. Sannan a ba mai kula da wurin ikon kashe ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya kira kafinta ranar da kwano ya ɗage, ya kawo rasit daga baya.