Malami, wa yake zaɓa maka abin da kake karantawa?

Malamai 'yan uwana, akwai maganar da ta daɗe tana tsaya mini a rai. Da yawanmu tun da muka karɓi takardar shaidar koyarwa, ƙarin ilimin da muke samu a kan sana'ar nan bai wuce taron bita na kwana biyu ko uku ba. A zauna, a saurari mai jawabi, a raba takardu, a watse. Ranar Litinin ka koma aji, yaron nan da bai iya haɗa baƙi da wasali ba yana nan yana jiranka, kuma babu abin da aka faɗa a taron da ya shafe shi.

Ni dai abin da ya fi amfanata shi ne rubuce-rubucen malaman da alli ke hannunsu har yanzu. Wata malama da ban taɓa gani ba ta rubuta yadda take jefa tambaya, ta yi shiru na 'yan daƙiƙu kafin ta nuna wanda zai amsa. Na gwada. Yaran bayan aji, waɗanda na ɗauka ba su da abin cewa, ashe lokacin tunani kawai nake hana su.

To amma ta yaya irin wannan rubutu zai iso gare ka? A nan gizo ke saƙar. Idan ka dogara da Facebook ko X kaɗai, lissafin kamfanin ne ke tsara abin da za ka fara gani, shi kuwa abin da ya fi tara jama'a yake turowa gaba. Shi ya sa har gobe ake yaɗa maganar cewa kowane yaro yana da salon koyonsa, wannan da ido, wancan da kunne, dole a koya wa kowa ta nasa salon. Alhali tun 2008 Harold Pashler, wani masanin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, da abokan aikinsa suka bi binciken da aka yi a kai, ba su sami gamsasshiyar hujjar da ta tabbatar da hakan ba. Magana ce mai daɗin ji, sai take ta yawo.

Akwai wata tsohuwar fasaha da nake ganin mun yi sakaci da ita, wato RSS, wadda ta fito daga kamfanin Netscape a 1999. Aikinta ba wuya. Ka buɗe manhaja irin su Feedly ko Inoreader, ka zuba mata adireshin shafukan da kai da kanka ka yarda da masu su, duk sabon rubutun da suka yi ya taru maka wuri ɗaya. Wanda ka zaɓa shi za ka karanta. Shafukan da ke jerina ba su da yawa, kuma duk wanda na ga ya bar zancen aji ya koma tallar kansa, cire shi nake yi.

Ba ina cewa a ƙaurace wa dandalin sada zumunta ba ne. A 2009 malamai suka fara haɗuwa a Twitter, wanda yanzu ake kira X, duk ranar Talata ƙarƙashin alamar #edchat, kuma zaurukan WhatsApp da Telegram sun fitar da malamai da yawa daga kaɗaici, musamman wanda shi kaɗai ne mai koyar da darasinsa a makaranta. Sai dai gidan aro ne. Google Reader, wani dandalin karanta RSS da ɗimbin mutane suka dogara da shi, an rufe shi a Yulin 2013. Edmodo, dandalin sada zumunta da aka gina domin makarantu, ya bi sahu a 2022. Saboda haka duk dabarar da ta yi mini aiki, a littafina nake rubuta ta, da ajin da na gwada ta da abin da ya biyo baya. Hotunan ɗalibai kuwa, don Allah a daina watsa su, amana ce iyaye suka ba mu.

Abin da na fi rasawa a duk wuraren nan shi ne labarin darasin da ya ƙi. Kowa nasararsa yake bajewa. Ina roƙonku, wanda ya shirya darasi da kyau ya shiga aji abin ya watse, ya rubuta mana yadda aka yi, da inda yake zaton matsalar ta faro. Irin wannan rubutun nake nema in sa a jerin nawa.