Idan Hunturu Ya Shiga, Ku Daina Tuƙi Da Sabo

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ku da kuka fara riƙe sitiyari ko hawa babur a 'yan shekarun nan, kuke kuma zaune a ƙaramin gari. Akwai maganar da nake so mu yi kafin sanyi ya kankama. Mun ɗauki titin ƙaramin gari kamar tsakar gidanmu. Babu cunkoso, babu jami'i a kowace mararraba, hanyoyin ƙalilan ne, mun bi su har mun haddace kowane rami da kowace kwana. Wannan haddar ce take sa ƙafa ta yi nauyi a kan totur, ido kuma ya daina kallo. Masu iya magana suka ce sabo turken wawa. Hanyar da ka sani lokacin zafi, da hunturu sunanta kawai ya rage. Kwaltar ta sauya, haske ya ragu, nisan da mota take buƙata kafin ta tsaya ya ƙaru, amma kai kana nan kana tuƙi irin na watan jiya.

Ku fara sanin cewa da mu ake. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ne haɗarin hanya yake kashewa duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen ɗauke 'yan shekara 5 zuwa 29. Maza sun ninka mata kusan sau uku a wannan mutuwar. Kada kuma wani ya ce ai abin na manyan birane ne. A Amurka, mutum ɗaya cikin biyar ne kawai yake zaune a karkara, amma kusan kashi 40 cikin ɗari na masu mutuwa a titi, a hanyoyin karkara suke mutuwa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: hanya ɗaya ce mai zuwa da mai dawowa suke rabawa ba shinge a tsakani, babu fitilun titi, fili yana kiran gudu, sannan idan abu ya faru asibiti yana da nisa. Raunin da za a ceto a birni cikin mintuna, a ƙauye yana iya zama ajali kafin motar asibiti ta iso.

Akwai binciken da nake so ku riƙe fiye da duk wani adadi da zan kawo. A 2005, Daniel Eisenberg da Kenneth Warner na Jami'ar Mishigan sun duba alƙaluman haɗurran Amurka daga 1975 zuwa 2000, suka gwada ranakun da dusar ƙanƙara ta sauka da ranakun da gari yake a bushe. A ranakun dusar ƙanƙara, taho-mu-gama ƙanana da raunuka da lalacewar motoci sun ƙaru sosai, amma haɗurran da ake mutuwa sun ɗan ragu. Me ya sa? Saboda kowa ya ga fari fat a titi, tsoro ya kama shi, ya rage gudu, wasu ma suka fasa fita. Sai dai ranar farko da dusar ta sauka a shekara ta fi sauran ranakunta kisa, domin a ranar mutane ba su riga sun sauke tuƙinsu na da ba. Wato ranar da muke jin tsoro, muna ƙarewa a wurin mai gyara. Ranar da muka ce ai ba komai, ita ce mai kai mutum kabari. Shi ya sa ban fi jin tsoron guguwa ba a kan safiya mai haske, rana ta fito, titi baƙi sumul kamar an share.

Irin wannan safiyar ce take ɓoye ƙanƙarar da ba a gani. Raɓa ko ruwan da ya narke jiya da rana yakan daskare cikin dare ya zama fallen da bai kai kaurin farce ba, garau har kana ganin kwalta ta cikinsa, ka ɗauka danshi ne. Ba ko'ina take kwanciya ba, kuma nan ne sharrinta. Za ka yi kilomita biyar taya tana kama ƙasa, zuciyarka ta natsu, sai ka hau gada. Gada takan riga titi daskarewa saboda iska mai sanyi tana bi ta samanta da ƙarƙashinta, babu ƙasar da za ta riƙe mata ɗumi. Haka wurin da inuwar bishiyoyi ko ta dutse take hana rana sauka, da gangaren da ke kusa da rafi, da bakin mararraba inda birkin motoci ya goge dusar ta yi santsi. Motoci da yawa suna kunna alamar gargaɗi idan ma'aunin sanyi ya sauko digiri 3 ko 4, tun bai kai sifili ba, domin iska suke aunawa, kwalta kuwa tana iya fin iska sanyi. Idan ka ga wannan alamar, kada ka ce na'ura ce ta cika surutu. Idan kuma ka ji ƙarar taya ta ɗauke, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannunka, kana kan ƙanƙara ke nan. Ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ka fizgi sitiyari, ka dubi inda kake son motar ta nufa ka karkata can.

Lissafin tsayawa ba ya sassauta wa kowa. A gudun kilomita 50 a awa, mota tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, tun ƙafarka ba ta kai birki ba. Ka ninka gudu sau biyu, nisan birki ya ninka sau huɗu. Dokokin tuƙi na Birtaniya suna koya wa direba cewa jiƙaƙƙen titi yana ninka nisan tsayawa aƙalla sau biyu, ƙanƙara kuwa tana iya ninka shi sau goma. Ka tsaya ka auna sau goma a idonka: inda ka saba tsayawa a ƙofar makaranta, yau sai ka wuce makarantar da gidajen da ke bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗarin mutuwa da kashi 4, kuma mai tafiya a ƙasa da mota ta buge a gudun 65 ya ninka wanda aka buge a gudun 50 kusantar mutuwa sau huɗu da rabi. Allon da ke gefen titi mai nuna iyakar gudu, don rana mai kyau aka kafa shi. A Finlan, da hunturu ya zo hukuma da kanta take sauke iyakar, inda ake 120 ya koma 100, wurare da dama da ake 100 su koma 80. Inda hukuma ba ta sauke maka ba, kai ka sauke wa kanka.

Ba kowace ƙasa ce take ganin dusar ƙanƙara ba, amma hazo da duhun wuri suna zuwa da sanyi kusan ko'ina. Ƙa'idar hazo ɗaya ce: kada ka yi gudun da ba za ka iya tsayawa a cikin iya abin da idonka ke gani ba. Babbar fitila ba ta huda hazo, dawo maka da hasken take yi a ido, don haka ƙarama za ka kunna, ko da rana ce, don a gan ka. Kada ka manne wa jar fitilar motar gabanka kana cewa tana nuna maka hanya; in ya taka birki kun haɗu, in ya faɗa rami ka bi shi. Batun wuce mota a cikin hazo a hanya mai falle ɗaya kuwa, wallahi ban san uzurin da mutum zai kawo ba. Kana shiga hannun wasu ne ba ka san abin da ke tahowa ba, kana caca da ran mutanen da ba su san ma kana nan ba.

Sannan ga masu tafiya a ƙasa. Da hunturu rana tana saurin faɗuwa, lokacin tashi daga aiki da dawowar yara ya faɗo cikin duhu. Mutane sun sha baƙaƙen riguna masu kauri, sun rufe kunnuwa, sun sunkuyar da kai suna sauri su tsere wa sanyi, wani lokaci a kan kwalta suke tafiya saboda gefen hanya ya cushe. Ba su jin ka, kai kuma ba ka ganinsu sai kun kusa. A ƙaramin gari wanda za ka buge ba baƙo ba ne. Ɗan maƙwabcinka ne, ko tsohon malaminka, kuma za ka ci gaba da haɗuwa da iyalansa har ƙarshen rayuwarka. In kai ne a ƙasa, ka sa abu mai haske ko mai ƙyalli, ka bi gefen da kake fuskantar motoci masu tahowa.

Motar ma tana da haƙƙi a kanka. Tafin hannu huɗu ne kawai na roba suke haɗa ka da ƙasa, to idan zanen taya ya suɗe me ya rage? A Suwidin doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris, in titi yana cikin yanayin hunturu, a sa tayar sanyi mai zurfin zane aƙalla milimita 3. Iskar taya tana raguwa idan gari ya yi sanyi, a riƙa aunawa. Ku da kuke kankare ɗan wuri a gilashi daidai ido ku tayar da mota, ku ji tsoron Allah ku share gilashin duka, da madubai, da fitilu. Mai mota mai jan ƙafa huɗu kuma ya sani cewa tana taimaka masa ne wajen tashi, wajen tsayawa daidai yake da kowa. In motarka tana da birkin ABS, wato wanda yake hana taya kullewa idan an taka birki, ka danne shi da ƙarfi ka riƙe, rawar da za ka ji a ƙafarka aikinsa yake yi.

Na san abin da ake faɗa: ai nan da nan ne, ba sai na ɗaura bel ba. Tun 1959 injiniya Nils Bohlin ya ƙera wa kamfanin Volvo bel ɗin nan mai ratsa ƙirji da ƙugu, kuma yana rage mutuwar na cikin mota da kusan rabi. Bai san tafiya gajera ko doguwa ba. Sai dai a kan rigar sanyi mai kumburi yakan yi sako-sako, musamman ga yara, don haka a cire musu rigar a ɗaura, sannan a lulluɓe su. Ɗan babur da ya ajiye hular kwano ya naɗa rawanin sanyi, ya kare kunnensa ya bar ƙwaƙwalwarsa a fili. Waya a hannu tana ninka yiwuwar haɗari kusan sau huɗu. Barasa da ƙwaya kuwa, wanda ya ce suna ɗumama jiki ya yaudari kansa, jinkirta ƙafarsa kawai suke yi a lokacin da daƙiƙa ɗaya take raba rai da mutuwa.

Idan aka yi rashi, mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kwana ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, kuma da ita muke rarrashin iyayen da suka binne ɗansu. Amma abin rarrashin mai makoki ne, ba lasisin mai ganganci ba. Wanda ya ga hazo ya ƙara wuta, ya san tayarsa ta suɗe ya ɗauki mutane, za a tambaye shi. Kai ma da kake zaune a gefe kana ganin abokinka yana gudu ka yi shiru don kada a ce maka matsoraci, kana da kaso. Ka ce masa ya rage. In ya ƙi, ka ce ya sauke ka.

Wani abu game da ƙaramin gari shi ne alƙalumansa suna ruɗarwa. Bana a rasa mutum biyu, baɗi ba a rasa kowa ba, sai a ce an samu sauƙi, alhali sa'a ce kawai. Abin dubawa shi ne ƙananan haɗurran da ba a kai rahotonsu: kwanar da kowane hunturu sai mota ta zame ta faɗa gefe, mararrabar da kullum ake tsintar fasassun fitilu, gadar da shingenta ya lanƙwashe. Ku ne kuka fi kowa sanin waɗannan wurare. Ku rubuta su, da rana da lokaci da yanayin gari, ku kai wa hukumar garinku ku nemi a sa allo, ko fitila, ko a watsa gishiri da yashi da wuri inda ake yin haka. Suwidin ta kafa manufarta ta kawar da mutuwa a titi a 1997 a kan fahimtar cewa ɗan Adam sai ya yi kuskure, don haka a gina hanya yadda kuskurensa ba zai kashe shi ba. Taron ƙasashen duniya na Istokholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 a awa inda motoci suke cakuɗa da masu tafiya a ƙasa. Tsakiyar kowane ƙaramin gari irin wannan wurin ne.

In kuma ka iske haɗari ya riga ya faru, ka tuna santsin da ya kayar da su yana jiran motar da ke biye. Ka faka nesa da titi, ka kunna fitilun gargaɗi, ka sa alama da nisa sosai kafin wurin, ka kira agaji ka faɗi daidai inda kuke. Kada ka ja wanda ya ji rauni sai in wuta ko wata mota za ta same shi, kada ka cire wa ɗan babur hular kwano in yana numfashi, ka danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta. Ka cire rigarka ka lulluɓe shi, domin mai zubar jini sanyi yana saurin kama shi, kuma jikin da ya yi sanyi jininsa ba ya saurin tsayawa. Wayarka ta kiran taimako ce a wurin, kada ka ɗaga ta kana ɗaukar hoton mutumin da iyayensa ba su ma ji labari ba tukuna.